Makon da Na Ba Amarya Kyauta

Ba zan taɓa mantawa da walimar bikin Sadiya, ƙanwar matata, a Upper Marlboro ba. Ko na so in manta, yayyenta maza ba za su bar ni ba.

Ina da abin nan da Amurkawa ke kira taimshiya: ka sayi mako ɗaya na kowace shekara a wani gidan shaƙatawa, in ka gaji da wurin ka miƙa wa kamfanin musaya makonka, su ba ka na wani a wani gari. Nawa a bakin teku yake nan Maryland, amma a watan Fabrairu (e, lokacin da ko kifi ba ya marmarin ruwan). Matata ta ce an cuce ni. Yayyenta kuwa duk inda muka haɗu sai su ce, "Injiniya, ya sanyin teku?" Abin yana ci mini rai, na ƙudurta sai na rufe musu baki.

Da aka sa ranar biki na kira kamfanin na ce Florida nake so. Matar da ta ɗauki wayar ta yi mini bayani cikin ladabi cewa makona ba shi da ƙarfi, wato kaza na kawo ina neman rago. Na ce na ji, a sa ni a layi. Bayan watanni, ina cikin cunkoson motoci daga Germantown, sai ga wayarta: an samu gurbi a ƙarshen Agusta, in karɓa yanzu ko a ba wani. Na karɓa nan take, har da yi wa sitiyari kiɗa.

Ranar walima na sha babbar riga, na amshe makirfo daga hannun mai gabatarwa (ba wanda ya kira ni, ni na kira kaina). Surukaina da suka zo daga Kano suna zaune a layin gaba.

"Ni da iyalina mun ba ango da amarya mako guda cur a Florida," na ce, "su je su ci amarcinsu a bakin teku!"

Aka rangaɗa guɗa. Sadiya ta ce, "Kai, Yaya, Allah ya saka da alheri!" Na juya na kalli yayyen nan ɗaya bayan ɗaya, sai da na tabbatar kowa ya ga ina kallonsa.

Sai surukata Hajiya, wadda ko sunana ba ta faɗa saboda kunya, ta tambaya a hankali, "Yaushe ne tafiyar?"

"Ƙarshen Agusta, Hajiya," na amsa ta makirfo, don kowa ya ji.

Ta ɗan yi lissafi da yatsu. "Ɗan nan, ashe ba goman ƙarshe na azumi ba ke nan?"

Ango ya sunkuyar da kai. Can sai babban yayan matata ya ɗaga murya: "Ma sha Allah! Injiniya ya biya musu i'itikafi a bakin teku!" Dariya ta ɓarke, har limamin da ya ɗaura auren sai da ya rufe fuska da rawani. Kunya ta kama ni, gumi ya jiƙa mini hula, kuma na rasa wanda zan miƙa wa makirfon.

Da na nemi canji, kamfanin ya ce abin da ya rage duk irin Fabrairuna ne. To, sai in bar makon ya tafi a banza don a ƙara yi mini dariya? Tunda ango da amarya ba za su je ba, na ɗauki matata muka tafi. Muka yi azumi a cikin zafin Florida, muna leƙen masu ninkaya ta taga, ita kuma tana leƙena da harara.

Har yau ban sayar da makon nawa ba, kuma ba zan sayar ba. Da kazar nan tawa mun kwana a garuruwan da yayyenta sai dai su gani a hoto. Abin da na koya shi ne kwamfutar kamfanin ta san kowane wata ban da namu. Yanzu in suka kira suka ce in karɓa ko a ba wani, sai in ce su dakata, zan buga waya Kano in tambayi Hajiya.