Ranar da Gitar Kawu Ta Yi Magana

Shekarar da ake ta yajin aiki, Inna ta ce a sayar da tsohuwar gitar lantarki ta marigayi Kawu a sayi hatsi. Ni na karɓi aikin, tunda ni ce mai ilimin gidan, wadda ba ta tsoron kayan mamaci. Har na yi wa mai sayen, wani makaɗi daga Tsibiri, dogon bayani kan yadda Kawu ya sassake wayoyin cikinta.

Makaɗin ya jona ta da lasifika a ɗakin Kawu, inda ƙamshin turarensa bai gama fita ba. Ba wanda ya taɓa tsirkiya. Sai ga muryar namiji can ƙasa-ƙasa, tana jero sunayen matattu, tana roƙon a yafe musu.

Na zube gaban gitar. "Kawu, yi haƙuri! Wallahi ba zan sayar ba!"

"Malama," in ji makaɗin, "sanarwar rasuwa ce. Wayoyin ne suka kamo rediyo."

Rantsuwa ta riga ta fita, hatsi kuma dole. Na sayar, na yi azumin kaffara.

Har yau in an kunna rediyo, Inna kan ce, "Tashi ki gaida kawunki."