Yadda Ake Kare Rago da Hukuncin Kotun Ƙoli

Kai mai kiwon rago a gidan haya a unguwar Nima, matso kusa. Idan dabbarka ta yi ɓarna aka ce a fitar da ita, ga hanya tabbatacciya, wadda ba ta taɓa ba da kunya ba sai sau ɗaya. A wurin Mutawakil tela na koye ta, ranar da ragon layyarsa ya cinye karan dafin Mma Zenabu, wanda take rina shinkafa da waken sayarwarta da shi, abin da a nan muke kira waakye.

1. Nemo ilimi a araha

Kada ka sayi littafi. Zauna inda ake shan shayin ataya, kusa da mai rediyo. A can Mutawakil ya ji cewa duk abin da Kotun Ƙoli ta yanke a kan tsarin mulki, ƙananan kotuna ba su da ta cewa, sai bi. Wannan ya ishe ka. Ilimi in ya yi yawa ciwon kai yake sawa.

2. Mai da mai gidan ƙaramar kotu

Alhaji Ziblim, mai gidan, ya ce rago ya bar masa gida. Mutawakil ya durƙusa ya ce, "Alhaji, kai kotu ne, amma ƙarama. Ta sama ta ce ba a hukunta kowa sai an ji bakinsa."

Ka lura, kotu ya fara kiransa. Ba dattijon da ke jin sauran maganar bayan wannan. Alhaji ya gyara hula, ya sa aka kawo kujera tsakar gida.

3. A ji ta bakin wanda ake tuhuma

Amma ka wanke masa baki tukuna. Mutawakil ya manta. Rago ya zo gaban shari'a da leɓe ja wur, ya ce, "Baa."

"Kun ji," in ji Mutawakil, "ya ce ba shi ba ne."

4. Bincika wace ce Kotun Ƙolin gidanku

A nan na tausaya wa Mutawakil, don Alhaji ya ɗauki darasin fiye da yadda ake so. Ya ce, "In haka ne, ni ma akwai na sama da ni." Mma Zenabu yayar Alhaji ce, ita ta goye shi. Ta taso da ludayi a hannu.

"An taɓa wannan shari'a," ta ce. "Agwagwar Abdulaziz ɗan hayarmu, bara. Ta ci kara, ta shiga miya. Wa ya ce hukunci ya yi daidai, har ya nemi ƙari?"

Mutawakil ya sunkuyar da kai.

5. Ka ce shari'ar ba iri ɗaya ba ce

Haka lauyoyi suke yi in sun ga uwar bari. "Mma, agwagwa ƙafa biyu, rago ƙafa huɗu."

"Gaskiyarka. Abdulaziz ya samu kwano biyu kyauta. Kai huɗu."

Mutawakil ya juya wurin Alhaji yana neman ceto. Alhaji ya ce shi ƙaramar kotu ne, sai bi, ya aika a kira mahauci.

Gargaɗi: mai wannan rubutu ba lauya ba ne, maƙwabci ne. In ragonka ya ƙare a tukunya, ba ruwana, kada ka ƙwanƙwasa mini ƙofa. Iyakar shaidata, miyar ta yi daɗi. Mutawakil kansa, da hawaye a ido, ya nemi ƙari.