Na Sayar da Mota, Na Haɗa da Gida

Na sayar da tsohuwar motata, na haɗa da gidana. Shekarar da ruwan Kainji ya ci ƙauyenmu ne. Mai sayen, wani ɗan kasuwar Yelwa, ya nemi takardar mota. Ban iya karatu ba. Matata ta ce a kira malamin makaranta, na ce, "Ni da motata?" Na zaɓi mai babban hatimi na miƙa masa. Ashe ta sabon gidan da gwamnati ta ba mu ce.

Washegari ya turo saƙo: "Maigida, yaushe za ku tashi?" Yini na yi ina bin sa kafin ya maido ta.

Har yau ina gidan. In na kai kaza kasuwa, sai a ce, "Baba, ɗaki nawa ne gyara?"