Akwatin Boaz da alkawarin ruwa

Ranar Asabar na tashi neman ruwan wanka, sai na ƙare a ɗan dakon lasifika. Maƙwabcina Boaz, mai kaɗa jita, shi ya tare ni a ƙofa da wani ɗan akwatin ƙarfe a hannu, ido ja.

"Bappa, dile na ya mutu, kuma yau ne gwaji."

Dile ɗin nan takawa ake yi da ƙafa. Ka kaɗa jita sau ɗaya, shi kuma ya maimaita maka sautin kamar kana cikin kogo. Abin murɗawa uku gare shi: na jinkiri, na yawan maimaici, na ƙarfin amo. Wani makaɗi da ya gudo daga Mubi shekarar tashin hankali ya bar masa shi. Tun lokacin Boaz ke neman shiga ƙungiyar da ke kiɗa a tarukan manya, sai ranar suka ce ya zo wajen buɗe famfon layinmu a Shagari Low Cost su ji hannunsa.

Muka sauya batir, shiru. Muka jona shi da janareto, ya kama gurnani kamar tunkiya mai mura. Ƙanwarsa Keturah ce ta leƙo ta ce, "Hamma, ai ka sa wayar shiga a ramin fita." Aka juya, ya farfaɗo.

A filin taro muka tarar an ware kuɗin kayan sauti na zamani, amma abin da ya iso rami ɗaya ne mai rai a jikin amfilifaya. Da Mai Girma Sarkin Almakashi ya miƙe zai yi jawabi, mai kula da sauti ya zare wayar jita ya cusa ta makirfo. A ina? A cikin dile, wanda Boaz ya murɗe maimaicinsa har ƙarshe tun wajen gyara.

"Za mu kawo ruwa," in ji Mai Girma.

Za mu kawo ruwa. Kawo ruwa. Ruwa. Ruwa.

Boaz ya miƙa ƙafa zai take dilen ya kashe, wani mai baƙin tabarau ya taka masa ƙafar. Na ce shi ke nan, yaro ya rasa aiki.

Jama'a kuwa ko gezau. Sau bakwai maganar ta dawo, sau bakwai aka tafa. Dattijuwa Adda Naziha, da ke kusa da ni da jarkarta, ta ce, "Gara haka. Ya faɗi na shekara bakwai a zama ɗaya, ya hutar da mu hayar kujeru."

Bayan an yanke ƙyalle, an murɗa famfo ya yi tari sau biyu, Mai Girma ya sa aka kira Boaz.

"Wannan abu naka ne?"

"Nawa ne, Barkama, ranka ya daɗe."

"Ban taɓa jin an yarda da ni haka ba. Daga yau duk inda za ni, kana nan."

Boaz ya ce, "Da jitar?"

"Wace jita?"

To, yaro ya samu aiki, har da katin wuya. Jitar tana rataye a ƙusa, Keturah na shanya ɗankwali a kanta.

Jiya na tambaye shi iyakar jinkirin akwatin. Ya ce daƙiƙa biyu. Na dubi famfonmu da har yau bai kawo ruwa ba, na ce lallai Bature bai san aiki ba.