Rasuwar Lallashi, Mai Tare Kuskure

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Taufiƙ ɗan Alhaji Brahim, mai kula da shafin intanet na wata ajans, wato kamfanin motocin fasinja na Garwa zuwa Maiganga, yana sanar da rasuwar Lallashi, wanda ya yi wata bakwai kacal a duniya.

Marigayin layi arba'in ne na rubutun kwamfuta. Taufiƙ ne ya haife shi da hannunsa, ya zaunar da shi a babbar na'urar da ke riƙe da shafin. Aikinsa ɗaya: duk sa'ad da shafin sayar da tikiti ya yi tuntuɓe, sai ya tare kuskuren kafin ido ya gani, ya ce wa fasinja cikin taushi, "Yi haƙuri masoyi, sake gwadawa." Bai taɓa ɗaga murya ba. Bai taɓa faɗin sunan mai laifi ba.

Wannan kunyar ce ta zama ajalinsa. Ranar Talata fasinjoji suka yi ta sake gwadawa kamar yadda ya roƙe su, shafin kuwa yana ta sayar musu da kujera ɗaya, har mutum tara suka tsaya a tasha, kowa riƙe da tikitin kujera ta sha huɗu, ciki har da fatake biyu masu sammakon kasuwar shanu. Madam Edwige, shugabar ajans, ta saurari kowa, ko faɗa ba ta yi ba. Cewa kawai ta yi a dawo da mai tare kuskure na da.

Marigayin ya bar mahaifinsa, da fasinjoji takwas da mota ta tafi ta bari, da kuskuren nan da ya goya tun ranar haihuwarsa, wanda ke nan da ransa.

Na da kuwa, mai dawowa gurbinsa, tsoho ne marar tausayi, bai san rufin asiri ba. In abu ya ɓaci sai ya baje shi a fuskar shafi da baƙin rubutu: wane fayil, layi na nawa. Taufiƙ kuma, a zamanin da yake ɗokin duniya ta san shi, ya raɗa wa kowane fayil sunan kansa.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a bayan la'asar a ofishin ajans. Taufiƙ ne zai rubuta layi guda da zai dawo da tsohon. Madam Edwige ta ce a ajiye mata wuri kusa da shi, don ita za ta fara sayen tikiti, ta ga sunan da kuskuren zai fitar. Masu ta'aziyya su dakata tukuna, sai an ga gawa nawa za a fitar.