Jitar da Ɗanladi Ya Hana Kuka

"Ni kunnena ba na ado ba ne," in ji Ɗanladi. "Rediyo ta yi tari a Unguwar Gano, ina nan Gyadi-Gyadi zan gaya maka wace waya ce ta saki a cikinta."

Haka yake faɗa kullum, a ƙarƙashin wata yagaggiyar laima a bakin titi, inda yake gyaran rediyo da talabijin. Shi ya raɗa wa kansa Injiniya. 'Yan teburin mai shayi kuwa Ajalin Rediyo suke kiransa, don duk abin da ya shiga hannunsa yana tari, gawarsa ake zuwa ɗauka. Shekara tara yana wannan laima. Rana ta dafa shi, ruwa ya wanke shi. Burinsa ɗaya a duniya, ya samu shago mai ƙofa da kwaɗo.

To akwai Alhaji Maje a Daurawa, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, ya haura tamanin. A jikin gidansa akwai shagon da ya daɗe a rufe. Ran nan ya aika aka kira Ɗanladi. Ya nuna masa wata tsohuwar garmaho mai sifika biyu, girmanta kamar akwatin lefe. Sannan ya zaro faifai guda daga kwali, yana riƙe da shi kamar ƙwai.

"A Ingila na sayi wannan, lokacin da aka tura mu kwas," in ji Alhaji. "Wani baƙar fatar Amurka ne, bahago, makaɗin jita. Faifansa na farko ke nan. Shekara ashirin rabona da jin sa, tun da garmahon ta daina juyawa. Ka tayar min da ita in saurare shi kafin ta Allah ta kasance, shagon can naka ne. Ka zauna, ba haya."

Ɗanladi ya ji kamar an ce masa ga kujerar Makka.

"Sai dai ka sani," Alhaji ya ci gaba, "kiɗan nan ba irin wanda ka saba ji ba ne. Mutumin yakan sa jitar ta..."

"Haba Baba Alhaji, ni za a gaya wa kiɗan Turawa? Tare muka yi rarrafe. Shi kansa bahagon ai na san aikinsa ciki da bai."

Alhaji ya dube shi, ya ƙyale shi. Dattijo ne da ba ya son jayayya.

Aka ɗora garmaho a A Daidaita Sahu sai gindin laima. Ɗanladi ya buɗe ta, ya tarar bel ɗin da ke juya faifai ne kawai ya tsinke. Cikin minti goma ya sa wani, ta fara juyawa sumul. Ka ga da a nan ya tsaya, da yau yana cikin shago yana shan iskar fanka. Amma Ɗanladi ne.

Ya jona wuta a janareton mai aski, ya ɗora faifan, ya sauke allura. Sai jitar ta kurma ihu, kamar an taka wutsiyar kyanwa a cikin rijiya. Ta yi gurnani, ta yi fito, ta shaƙe. Sautin ya tashi daga sifikar hagu ya ruga ta dama, ya sake dawowa.

Anas mai shayi ya ajiye butarsa. "Ajali, me ka taɓa kuma?"

"Wuta ce ke yawo a ciki. Kai ba za ka gane ba, ci gaba da kaɗa ƙwanka."

Ya haɗe wayoyin sifikun biyu wuri guda, ya ɗaure da dalma. Sauti ya daina gudu, amma kukan na nan. Ya cire wannan ya sa wancan, ya farke cikin rediyon wani bawan Allah da ke jiran gyara tun azumi, ya kwashi kayanta ya zuba. Jita ba ta fasa ba. Sai ma ta ƙara, kamar tana yi masa gwalo.

Ɗanladi ya share gumi, ya kafa kunne, ya gyaɗa kai irin na likitoci.

"Garmaho lafiyarta ƙalau. Faifan ne ya yi dauɗa. Shekara hamsin ba wanka, ko kai ne ai ka yi kuka."

Ya ari bokiti, ya kaɗa omo, ya sa soso ya dirje faifan gaba da baya. Ya ɗora shi a kan kwanon rumfar Anas don ya sha iska, ya tafi sallar azahar. Daga masallaci ya biya ya ci ɗanwake, ya tsaya yi wa mutane bayanin irin fentin da zai yi wa shagonsa. Ka san ranar Kano, ba ta san faifan Ingila ba. Ko da ya dawo, abin ya lanƙwashe ya yi kwari a tsakiya.

"Kasko ka kawo min?" in ji Anas. "In zuba mai?"

Gaban Ɗanladi ya faɗi, amma bakinsa bai faɗi ba. Ya naɗe faifan a riga sai wurin Shehu mai wanki da guga.

"Malam Shehu, ara min dutsenka da zafinsa."

Shehu ya juya abin a hannu. "Injiniya, ni tufa nake gogewa. Wannan roba ce fa."

"Riƙe min gefe kawai. Wannan ilimi ne, ba a bakin famfo ake koyonsa ba."

Ya shimfiɗa tsumma, ya danna dutsen gawayi, ya goga kamar shaddar ango. Wari ya tashi. Da ya ɗaga tsumma, faifai ya miƙe sambal, yana sheƙi. 'Yan layukan nan da allura ke bi duk sun narke, ya zama kamar madubi.

Ya koma laima ya gwada. Allura ta zame, sifika ta ce shiiii. Ba wani abu.

"Ka ji ko?" ya ce wa Anas. "Ba kuka, ba gurnani. Na cire su tas."

"To ina kiɗan?"

"Yana ciki. Kiɗan manya ne, a hankali yake fitowa."

Washegari bayan la'asar ya sa babbar rigarsa ta Sallah ya kai kaya Daurawa. Ya tarar da Alhaji a falo ya gyara zama, har da sabuwar hula. 'Yarsa Hajiya Safiyya ta zo daga Ƙauyen Alu, tana gefe. Ɗanladi ya yi bisimilla ya sauke allura.

Shiiii.

Aka jira. Alhaji ya miƙa hannu aka ba shi faifan. Ya shafa shi da yatsa, ya daɗe yana kallon fuskarsa a ciki.

"Me ka yi masa?"

"Ba yabon kai ba, Baba Alhaji, na sha wuya. Wanki, shanya, guga. Wani mugun kuka ne a cikinsa, sai da na raba shi da shi."

Alhaji ya ajiye faifan a cinyarsa. Safiyya ta dubi ubanta, ta ciro wayarta. Ta daɗe tana gaya masa kiɗan yana cikin waya, shi kuma yana cewa a faifai ya san shi, a faifai zai ji shi. Yau ba ta tambaye shi ba, ta lalubo ta kunna.

Jitar ta kurma ihun nan dai. Ta yi gurnani, ta hau sama ta tsaya tana karkarwa. Alhaji ya lumshe ido, ƙafarsa ta fara buga ƙasa a hankali.

Ɗanladi ya matso, ya kafa kunne, ya girgiza kai cikin tausayi.

"Ashsha. Hajiya, wayarki ma ta kamu da cutar. Ki bar min ita zuwa gobe."

Alhaji ya buɗe ido.

"Ɗanladi, wannan kukan shi ne kiɗan. Kafin bahagon nan, in na'ura ta yi wannan ƙara kashe ta ake yi, a ce ta lalace. Shi ya kama ƙarar ya sa mata linzami. Ranar da na fara ji, a wani ɗaki mai sanyi, ban san kowa ba a garin, na rantse mai goge ne daga gida ya biyo ni. Albashin sati na ba da na saye shi. Kukan na saya."

Ɗanladi ya ji babbar rigar ta yi masa nauyi. Ya dubi faifan, ya dubi ƙofa.

"To... Baba Alhaji, batun shagon fa?"

"Gara ɓeraye. Su in sun ci abu ba sa cewa gyara suka yi."

Daidai nan jaririn Safiyya ya tsanyara kuka daga cikin gida. Alhaji ya juya wurin 'yarsa, ya sassauta murya.

"Tashi maza ki rarrashe shi, ki kulle ƙofa. Kada Injiniya ya ji ya ce zai gyara shi."