Sulun Alhaji Na-Allah a Kan Murfin Firji

A Yauri akwai wani dillalin albasa, Alhaji Na-Allah, mutum mai tumbi, mai baki. Ba mugu ba ne, kyauta ma gare shi, sai dai in ya fara ba da labari, ko shi kansa bai san inda zai tsaya ba. Bara ya je Umara, a hanyar dawowa jirginsu ya yada zango a Dubai, aka sauke su a wani otal mai kallon teku. Daga tagar ɗakinsa ya hango wasu samari, jirgin ruwa na jan su da igiya, suna tsaye a kan ɗan allo suna sulu a bisa ruwa, suna tsalle suna wulƙitawa a sama. Iyakar abin da ya faru ke nan. Amma kafin labarin ya iso Yauri, Alhaji ya bar taga ya koma kan allon.

To, akwai wata bazawara a bakin kogi, Hajiya Tabawa mai bandar kifi, wadda Alhaji ya daɗe yana nema. Manemanta da yawa, ita kuwa ba ta ce wa kowa i ba, ba ta ce a'a ba. Wata rana da yamma, a tsakiyar sanyi, yana zaune a rumfarta yana cin kifi da yaji, sai ya ɗauko labarin Dubai.

"Hajiya, da kin gan ni a kan ruwan nan! Hannu ɗaya na riƙe igiya, ɗaya ina gaisawa da jama'a. Larabawa har roƙona suka yi in tsaya in koya musu, na ce albasa na jira na a gida."

Bai lura ba, ashe Gado na bayan rumfar yana gyaran taru. Gado ɗan kawunsa ne, wato taubashinsa, kuma shi ke da kwalekwale mai inji da ya fi kowanne gudu a wannan gaɓar. Ya leƙo yana murmushi.

"Bawana, ai ba sai an je Dubai ba. Ga ruwa, ga jirgi, ga igiya. Gobe da safe, kafin 'yan kasuwa su fito, sai ka nuna mana."

Ƙaya ta kusa maƙale wa Alhaji. Ya kurɓi ruwa, ya ce, "Kai, ai allon na musamman ne, ba a samun irinsa a nan."

"Ina da murfin wani mataccen firji a gida. Ba ya nitsewa, har agwagina ke hawansa."

"To bari sanyi ya ɗan sassauta."

Hajiya Tabawa ta juya kifinta a kan waya, ba ta ko ɗago kai ba, ta ce, "Allah ya jiƙan maigidana. A irin sanyin nan yake nutso ya fito da giwan ruwa a rungume."

Shi ke nan, magana ta ƙare. Namiji ba ya barin mamaci ya kayar da shi a gaban bazawara. Alhaji ya bugi ƙirji ya ce gobe ma ta yi nisa.

Washegari aka tashi da wani irin sanyi, wanda ko zakara sai da ya yi shawara kafin ya yi cara. Kogi na ta tururi kamar an sauke tukunya, amma in ka tsoma yatsa sai ka ji shi har cikin haƙori. Duk da haka bakin ruwa ya cika, domin Gado ya bi gari ya yi shela. Masunta, masu shayi, 'yan dako, mata lulluɓe da zannuwa bibbiyu, kowa ya zo kallo.

Can sai ga Alhaji. Ya shafe jikinsa da man kaɗe tun daga wuya har tafin ƙafa, wai sanyi ba ya ratsa mai. Ya sa rigar sanyi, ya ɗora wata, ya kawo babbar riga ya zuba a kai, don kada Hajiya ta gan shi ba kwarjini. Hular sanyi ta rufe kunnuwa. A kowace hammata an ɗaura masa jarkar man gyaɗa da babu komai a ciki, ko da za a samu akasi. Shi kuwa Gado ya kafa silifas guda biyu da ƙusa a kan murfin firjin, nan ne wurin sa ƙafa.

Alhaji ya ja shi gefe, ya rage murya. "Don girman Allah, akwai kadoji a nan?"

"Akwai, amma ba sa son albasa."

"Dorina fa?"

"Tun damina ta koma can bayan tsibiri. Shiga, bawana, Hajiya na kallo."

Da ƙafarsa ta taɓa ruwa, Alhaji ya saki wata ƙara siririya, irin wadda ba a taɓa jin ta fito daga mai tumbi ba. Ya waiga ya ga Hajiya, sai ya mayar da ita tari. Ya zura ƙafafu a silifas, ya tsuguna, ya kama igiya, ya yi bisimilla.

Gado ya ja inji. Igiya ta miƙe, Alhaji ya tafi, murfin firji ya tsaya inda yake. Man kaɗe ya yi aikinsa, ƙafafun sun sulɓe. Aka ja shi a kan tumbi, ruwa na shiga ta wuyan riga yana fita ta ƙasa, jarkoki na bugun haƙarƙarinsa kamar gangar biki.

Karo na biyu aka ɗaure masa ƙafafun da tsumma. Wannan karon murfin ya biyo shi, sai dai shi ne a sama, Alhaji a ƙasa. Da aka juyo da shi, hularsa ta bi kogin Neja ta yi ƙasa, leɓɓansa sun yi shuɗi, haɓarsa na kaɗawa kamar keken ɗinki.

"Mu haƙura haka?" in ji Gado.

Alhaji ya dubi gaɓa. Hajiya ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa. Ya ce, "Ru-ru-ruwan ku ne ba shi da kyau. Na Dubai ya fi ƙa-ƙarfi. Kai ni tsakiya."

Gado ya ja shi a hankali har tsakiyar kogi, inda ciyawa ta yi wani ɗan dandali. Alhaji na tsugune a kan murfin, rabinsa a ruwa, yana jiran a ja, sai ya ga wani baƙin dutse kusa da shi. Ya ji daɗi, ya ce a ransa in abu ya ɓaci ga wurin hawa. Sai dutsen ya kaɗa kunne. Sannan ya buɗe ido. Sannan ya yi hamma, bakin nan kamar ƙofar shagon albasa, haƙora kamar taɓare.

"Gado! Gado! Ja! Ja, don iyayenka!"

Gado ya waiga, ya ga abin da Alhaji ya gani, shi ma wasa ya fice masa daga kai. Ya murɗa inji har ƙarshe. Kwalekwale ya ɗaga hanci sama, igiya ta yi ƙara, ga mamakin duk wanda ke wurin, Alhaji Na-Allah ya miƙe tsaye cak a kan murfin firji.

Dorina ta biyo su tana feshin ruwa. Ta ɓullo ta dama, Alhaji ya karkata hagu. Ta nutse ta ɓullo ta hagu, ya karkata dama. Ya hau kan igiyar ruwan da jirgi ya tayar, murfin ya tashi sama da shi, babbar riga ta buɗe kamar jemage, ya dira daram bai faɗi ba. Bakin kogi ya kaure da ihu. Mata na guɗa, masu shayi na buga kofuna, wani tsoho na cewa wallahi ashe gaskiya mutumin nan yake faɗi. Su a ganinsu gwaninta ce. Shi kuwa idanunsa a rufe suke, yana karanto duk addu'ar da ya sani, har da ta shiga kasuwa.

Da dorinar ta ga sun bar mata wurinta, sai ta yi tsaki irin nasu ta koma. Gado bai sassauta ba sai da ya ga yashi. Ya kauce da jirgi, Alhaji ya wuce shi fuu, murfin ya caki gaɓa ya tsaya, shi bai tsaya ba, sai da ya kifa cikin taɓo.

Aka kwance masa tsumma, aka ce ya tashi. Ƙafafu suka ce ba da su ba. Dole Gado ya durƙusa ya goya shi, da jarkokinsa da komai, ya haura da shi har rumfar Hajiya, ya sauke shi gaban murhun banda. Hajiya ta cire mayafinta ta lulluɓa masa, ta miƙo masa shayi mai citta.

"Sannu, Alhaji," in ji ta. "Ni kam na tsorata. Kai ma ka ji tsoro, ko? Dubi yadda jikinka ke ɓari."

Da Alhaji ya ji mayafi a kafaɗarsa, ya ga jama'a sun kewaye shi, sai bakinsa ya dawo kafin ƙafafunsa.

"Tsoro? Ni? Haba Hajiya. Ko ɗar ban ji ba. Dorinar me, 'yar wannan? Sanyi ne kawai ke kaɗa ni. Ruwan nan ƙanƙara ne, tambayi Gado."

Gado na gefe yana matse bayan rigarsa. Ya gyaɗa kai ya ce, "Gaskiyarka, bawana, ruwan kogi ƙanƙara ne. To wannan mai ɗumin da ya bi min gadon baya da na goyo ka, daga wane kogin ya fito?"